Sentistok 46 nawa ne a murabba'in mita a daƙiƙa? Lissafina ya ƙi fita

Ɗalibin Injiniya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwana biyu ke nan wani lissafi ya ɗaure mini kai. An ba mu aikin gano ko man haidirolik zai gudana a natse cikin bututu ko zai riƙa hargitsewa. Faɗin bututun milimita 25 ne, man yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa, kuma ajinsa ISO VG 46, wato kaurinsa sentistok 46. Lissafin lambar Reynolds, wadda ke nuna ko gudun a natse yake ko a hargitse, yana son kaurin a murabba'in mita a daƙiƙa. Na san sentistok ɗaya daidai yake da murabba'in milimita ɗaya a daƙiƙa, sai na raba 46 da 1,000, tunda milimita dubu ke yin mita. Lambar da ta fito mini 1.09 ce, kuma hankalina bai kwanta da ita ba ko kaɗan.

Da na buɗe manhajar sauya ma'auni don in tabbatar, sai na tarar da kilostok, megastok, gigastok, har da eksastok. Don Allah ina kuskurena yake? Kuma waɗannan manyan, akwai mai amfani da su kuwa?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi daidai da ka ƙi yarda da 1.09. Kalmar "murabba'i" ce ta kuɓuce maka. Ɗauki takarda ka zana fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Kowane gefe milimita 1,000 ne, saboda haka ƙananan gidajen da ke ciki 1,000 sau 1,000 ne, miliyan ɗaya cif. Da miliyan za ka raba, ba da dubu ba.

Ke nan sentistok 46 ya zama 0.000046. Ninka gudun da faɗin bututun, 2 sau 0.025, ka sami 0.05. Raba shi da 0.000046, za ka ga wajen 1,087. Hargitsi a bututu ba ya farawa sai an kusanci 2,300, to man naka a natse yake tafiya.

Abin da nake koya wa duk yaron da ya zo ƙarƙashina shi ne ya riƙe ruwa a kansa. A zafin digiri 20 kaurin ruwa kusan sentistok 1 ne. Zuba ruwa a wannan bututun naka da wannan gudun, lambar za ta kai wajen 50,000. Manka ya fi ruwa kauri sau 46, to amsarka dole ta zama 50,000 a raba da 46. Da ka yi wannan gwajin tun farko, da a minti ɗaya ka kama kuskuren.

Malamar Fiziks:
Bari in amsa ɗaya tambayar taka. Stok ɗaya murabba'in santimita ɗaya ne a daƙiƙa, an sa masa sunan George Gabriel Stokes, masanin lissafi da aka haifa a Ailan a 1819. Stok 10,000 ke yin murabba'in mita ɗaya a daƙiƙa. Daga nan sai ƙarin sifiri: kilostok ɗaya sentistok 100,000 ne, megastok ɗaya sentistok miliyan 100.

Gaskiya ban taɓa ganin takardar bayanin mai da aka rubuta da megastok ba, manhajoji ne ke jera su. Amma akwai abubuwan da kaurinsu ya kai can. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Thomas Parnell ya zuba wata irin kwalta a mazurari a 1927. Idan ka buga mata guduma tarwatsewa take yi, amma tana gudana, kuma ɗigo na tara sai a 2014 ya sauka. An ƙiyasta ta fi ruwa kauri wajen sau biliyan 230, wanda ya kama kusan gigastok 2. Duwatsun da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa kuwa, waɗanda ke motsi a hankali cikin miliyoyin shekaru, sai da eksastok, wato gigastok biliyan ɗaya, za a auna su. Ina son wannan misalin sosai, don ma'auni ɗaya ne ya ɗauko daga ruwa har zuwa dutse.

Bakanike:
Ni dai abu ɗaya zan ƙara, Injiniya ƙarami. Wannan 46 ɗin a digiri 40 ake auna shi. Injin da ya wuni yana aiki mansa ya fi haka zafi, sai ya tsinke, lambarka ta hau. Da sanyin safiya kuma ya yi kauri. Kada kuma ka haɗa sentistok da sentifois, wanda shi ma ma'aunin kauri ne amma daban. Sai ka ninka sentistok da nauyin man idan aka kwatanta da na ruwa kafin ka sami sentifois: 46 sau wajen 0.87, kusan 40 ke nan.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode Yallaɓai, na gode Malama, na gode Malam. Na sake lissafin, 1,087 ta fito, na kuma gwada da ruwa na ga 50,000. A takardar aikin ba a faɗi zafin man ba, don haka zan rubuta a ƙarƙashin amsata cewa na ɗauka digiri 40 ne.