Keke ta hanyar Cycle to Work: riba ce ko ɗaure kai?

Baƙon Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Wata na takwas ke nan da fara aiki a nan Ingila, kuma kuɗin bas ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga wani keke na fam 1,200, wata abokiyar aiki ta ce kada in saya da kuɗin aljihuna, in bi tsarin Cycle to Work, wai a riƙa cira daga albashi. To ina ribar, tunda ni ɗin dai zan biya? Bashi ne da kuɗin ruwa ko me?

Yayan Leeds:
Wa alaikumussalam ƙanena. Babu kuɗin ruwa. Tsarin gwamnatin Birtaniya ne tun 1999. Wurin aikinka ne ke biyan kuɗin keken, kai kuma ka amince a rage albashinka kafin a cire haraji. Nan ribar take. Idan kana cikin masu biyan harajin kashi 20, ga kashi 8 na inshorar ƙasa, kowane fam 100 da aka cire, fam 72 ne kawai za ka ga ya ragu a abin da ke shigowa asusunka. Idan aka raba fam 1,200 ɗin a wata 12, fam 100 kowane wata, ka biya fam 864 ke nan. Masu biyan kashi 40 sun fi mu morewa, kashi 42 suke tsira da shi. Hular kwano, makulli da fitila duk suna shiga lissafin. Sharaɗin dai shi ne aƙalla rabin hawan ya zama na zuwa aiki.

Hajiyar Bradford:
Yaya ya bar muhimmin abu. Keken ba naka ba ne a wannan shekarar, haya kake yi. Ranar da watannin suka cika, idan ka ce ka mallake shi nan take, hukumar haraji ta HMRC na ƙiyasta keken da ya kai fam 500 a kan kashi 25 na farashinsa. Naka fam 300 ke nan. Haɗa da 864, ka ga fam 36 kacal ka rage. Wahalar banza! Ni zaɓin tsawaita hayar na ɗauka: na ba da kashi 7 sau ɗaya, na ci gaba da hawa shekara uku, sannan ya zama nawa. A naka fam 84 ne.

Mai Aikin Dare:
Ni gargaɗi na kawo. Na bar wurin aikina na farko wata biyar da karɓar keke, suka kwashe duk sauran kuɗin daga albashina na ƙarshe, kuma bayan an cire haraji. Wannan watan da ƙyar na haɗa kuɗin hayar gida. Yana cikin takardar da na sa wa hannu, ni ne ban karanta ba. Sannan idan albashinka na dab da mafi ƙarancin albashi ba za su yarda ba, doka ta hana cirewar ta kai ka ƙasa da shi.

Baƙon Manchester:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, da na faɗa ramin fam 300 ɗin nan ido rufe. Kwantiragina sai bayan shekara biyu zai ƙare, gobe zan leƙa ofishin ma'aikata in ji da wane kamfani mai gudanar da tsarin suke hulɗa.