Neman kalma: littafin zanen tsirrai da tsuntsaye, da fentin da ake yi masa

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara darasi na minti goma da za a naɗa gobe da safe, kalmomi uku sun tsaya mini. Ta farko nature journal, wato littafin da mutum ke fita da shi, ya zauna gaban tsiro ko tsuntsu, ya zana abin da ya gani, ya rubuta bayani a gefe. Ta biyu watercolour. Ta uku spring, don darasin duka a kan yin aikin ne a wannan lokaci. A taimaka kafin dare.

Tafinta: Wa alaikumus salam. Kundin yanayi, fentin ruwa, bazara. Ki wuce wurin.

Malamar tsirrai: Malam, kundin yanayi zai sa mai sauraro ya zaci hasashen ruwan sama ne. Yanayi layi ɗaya kacal yake ci a saman shafi: kwanan wata, ƙarfe nawa, wuri, rana ake ko hadari. Sauran shafin abu uku ne, zane da kalmomi da lambobi. A zaɓi reshe ɗaya, a ɗaura masa zare don kada a rikita shi da na kusa, a riƙa komawa kansa duk mako. A auna tsawon toho da rula a milimita, a ƙirga ganyen da suka buɗe, a rubuta ranar da furen farko ya fito. Abin da ido bai gani ba ba a zana shi. Idan tsuntsu ya tashi kafin a ga ƙafarsa, a bar shi ba ƙafa, a sa alamar tambaya. Aikin lura ne, don haka ni kundin lura zan ce.

Tafinta: Lura da me? Likita ma lura yake yi.

Malamar tsirrai: Kundin lura da halittu ke nan.

Mai zane: Kafin ku yi nisa, fentin ruwa akwai matsala. Duk wanda ya ji shi hankalinsa zai tafi kan na bango, wanda ake bambantawa da fentin mai. Namu daban ne. Garin launi ne ake kwaɓawa da ƙaro, a ɗan sa zuma ko gilisarin don kada ya tsattsage idan ya bushe. Ba ya rufe takarda, ana hango farinta ta cikinsa, shi ya sa ba a shafa fari. Inda ake son haske sai a bar takardar haka nan. Ana farawa da launi mai haske, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu, domin da wuya a mayar da mai duhu ya koma mai haske. Kuma idan ya bushe yana ɗan kodewa, sai a haɗa shi ya ɗan fi yadda ake so ƙarfi.

Tafinta: To launin ruwa.

Mai zane: Wannan ya fi rikitarwa. Muna da ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa, ruwan goro. Ka ce launin ruwa, mutum zai tsaya yana tunanin wane launi ne ruwa yake da shi.

Malamin Hausa: Duk kuna zagaye ne. Na farkon na daɗe da ƙirƙira masa kalma: lurzane, daga lura da zane. Gajeriya ce, tana da jam'i, lurzanai, mai yi kuma malurzani. Fenti kuwa ba kalmarmu ba ce, a daina cusa mana ita. Muna da rini. A ce rinin takarda.

Mai zane: Allah gafarta malam, rini da fenti ba abu ɗaya ba ne. Rini narkewa yake yi ya shige cikin zare ya kama shi. Wannan kuwa ƙwayoyin gari ne da ke kwanciya a kan takarda, ƙaro ya riƙe su. Shi ya sa idan an yi kuskure ana iya jiƙa wurin da buroshi mai tsabta a dangwale da ƙyalle, launin ya ɗago. Wanda aka ce masa rini zai tsoma takarda a ruwa ya zauna jira.

Tafinta: Kuma Malam, ina ka taɓa jin mun yanke kan kalma mun liƙa a wata? Mu cewa muke faɗi-tashi, a bar kowace da jikinta. Lurzane a rediyo sai an yi minti guda ana bayaninsa.

Malamin Hausa: Kowace kalma wani ne ya fara faɗinta. Wannan tsoron ne ya sa har yau muke bara a ƙofar Turanci. Ku da kuke fassara ku ne kuka fi kowa raina harshen.

Tafinta: Launi daga Larabci muka aro shi, haka littafi, haka alƙalami. Su ba bara ba ne? Ko aron ma akwai na masu daraja?

Malamin Hausa: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa, sun zama 'yan gida.

Tafinta: Fenti ma ya yi jikoki.

Mai tambaya: Malamai, don Allah, lokaci. Ga wata jimla ma da ke cewa takarda ta zama 300 gsm.

Mai zane: Ki ce takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ta auduga in da hali. Ta littafin rubutu ba ta wuce giram 70 zuwa 80, ruwa na taɓa ta za ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Ki ƙara musu sauran kayan, ba su da yawa: fensir HB, alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya narkarwa, buroshi mai tsini lamba 6 ko 8, ƙoƙon ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi, sai launi shida, rawaya biyu, ja biyu, shuɗi biyu. Koren sabon ganye haɗa shi ake yi. A fara da rawaya, a riƙa ɗiga shuɗi kaɗan-kaɗan, don shuɗi na da ƙarfi, nan take yake danne rawaya. Idan koren ya yi ƙyalli da yawa a ɗan taɓa masa ja. A guji haɗa launi ya wuce uku, laka yake zama. Kuskuren da ya fi yawa kuma shi ne komawa da jiƙaƙƙen buroshi kan wurin da ya fara bushewa. Sabon ruwan zai tura launin gefe, ya bar shati mai bakin zobe wanda gyara shi sai ya ƙara ɓata shi.

Malamar tsirrai: Saura bazara, kuma nan ban yarda da Tafinta ba. Bazara a kunnenmu zafi ne kafin saukar damina. Abin da darasin ke nufi lokaci ne da sanyi ke janyewa, rana ta ƙara tsawo, itatuwan da suka kaɗe ganye su yi toho, daga Maris zuwa Mayu a arewacin duniya, Satumba zuwa Nuwamba a kudanci. Wannan saurin canjin ne dalilin yin kundin a lokacin, shafin wannan mako ba ya kama da na makon gobe. Kuma irin wannan rubutu ya yi wa kimiyya amfani. Wani mai nazarin halittu, Robert Marsham, ya fara rubuta ranakun tohon itatuwa da zuwan tsuntsaye a Ingila a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har cikin ƙarni na 20. Ranakun buɗewar furanni da marubuci Henry David Thoreau ya rubuta a garin Concord na Amurka a shekarun 1850, masu bincike sun gwada su da na yanzu suka ga furanni na riga lokacinsu na da. Ni lokacin toho zan ce.

Tafinta: Mai sauraro ya riga ya saba da bazara. Kuma a bazarar ma ai itatuwa na toho.

Malamar tsirrai: Wasu na yi. Amma darasin zai ce a sa rigar sanyi a fita da safe, ka ga an yi baki biyu.

Malamin Hausa: Lokacin toho Hausa ce tsantsa, wannan kam na sa hannu.

Mai tambaya: To ga yadda zan yi. Kundin lura da halittu a karon farko, daga nan kundin lura kawai. Fentin ruwa na takarda, tare da jimla ɗaya da ke cewa da ƙaro ake haɗa shi. Na ukun zan ce lokacin toho, wanda wasu ke fassarawa da bazara. Na gode ƙwarai.

Tafinta: Ya yi tsawo, amma ya fi lurzane.

Malamin Hausa: Ki tafi da shi tunda gobe ne. Fenti dai ban yarda ba, kuma buroshin nan ma za mu dawo kansa.