Wace kalma za mu ba "assessment"? Ni dai na tsaya kan "awon karatu"

Assalamu alaikum 'yan'uwa malaman Turanci. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so mu raɗa mata suna na Hausa: "assessment", wadda yara da iyaye suka fi sani da si'e (CA, wato "continuous assessment", makin da ake tarawa a cikin zango).

Ga abin da ya tayar da maganar. Ranar raba sakamako a makarantar da nake koyarwa a nan Bauchi, wata uwa ta zo da katin ɗanta, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ta ɗora yatsa a kan gurbin si'e, ta ce, "Malam, wannan kuma wace jarrabawa ce? Ya ci ko ya faɗi?" Na ce, "Hajiya, wannan ba a cinta, ba a faɗuwa." Ta yi shiru tana jiran in faɗa mata ko mece ce, ni kuwa ba ni da kalmar da zan ba ta. Abin ya tsaya min a rai har na isa gida.

Jarrabawa ba za ta yi ba. Jarrabawa ita ce ta WAEC da aka kafa tun 1952, da NECO da ta zo a 1999, da JAMB: rana ɗaya, zaure ɗaya, mai sa ido na zagayawa, yaro ya samu kiredit a Turanci ko ƙofar jami'a ta rufe masa. Kuma kalmar tana da nauyi a kunnen Bahaushe, domin da ita muke kiran musibar da Allah Ya ɗora wa bawa. Yaro da ya ji ta, cikinsa ya ɗuri ruwa.

Gwaji ya dace da ɗan tes ɗin minti ashirin, a bar masa wannan. Tantancewa aikin fitar da wasu ne a bar wasu, kamar yadda ake yi wa 'yan takara da ma'aikata. Wani malami daga Azare ya kawo kimantawa. Kalma ce mai kyau, amma kimantawa sa wa abu daraja ne bayan an gama shi, kamar dillali ya dubi gida ya faɗi kuɗinsa.

Ni abin da ya kai ni ga awo shi ne matanmu. Mai juna biyu tana zuwa awo asibiti. Ba wanda ya taɓa tambayar ta ko ta ci awo. Ana duba nauyinta da hawan jininta, a ji kwanciyar ɗa, a rubuta a kati, a ce ta ƙara cin kaza ta rage kaza, a sa mata ranar dawowa. Amfanin awon duka shi ne a gano matsala tun da sauran lokacin gyara. Wannan shi ne ainihin abin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nufa da ta shigo da si'e. Kuma tushen kalmar ba baƙo ba ne a aji, tunda "auna fahimta" tana cikin littattafan Hausa da muka karanta tun firamare.

Wata malama daga Gombe ta ce, "Malam, in ka ce awo, wasu mudu da tiya za su tuna, kamar an aike su kasuwar Muda Lawal sayen masara." Gaskiyarki, Malama. Shi ya sa ba zan bar ta ita kaɗai ba: awon karatu. Karatu a Hausa ya ƙunshi koyo gaba ɗayansa, don haka sauraro da magana da rubutu duk sun shiga. Si'e kuwa sai mu ce awon karatu na kai a kai.

Dalilin da ya sa na damu da sunan shi ne, a darasin Turanci ne aka fi cutar yaranmu da rashin bambancewa. Ku dubi takardar furuci ta WAEC. Sunanta jarrabawar baka, amma da fensir ake yin ta, yaro yana cike gurbi a takarda, bakinsa a rufe. Ina da ɗalibar da take zaɓo amsar daidai a kan sautin "p" da "f", amma in ta buɗe baki "pan" da "fan" duk ɗaya ne, domin Hausa ba ta raba sautukan biyu ba. Wani kuma "think" yake mayarwa "sink". Takarda ba za ta taɓa jin wannan ba, sai kunnen malami.

Awo shi ne in kira yaro gaban tebur minti uku, in ce ya kwatanta min hanya daga Wunti zuwa Yelwa da Turanci. Ina saurare, ina rubutawa a ɗan littafina: ya san kalmomin, amma yana zubar da "s" a ƙarshen aikatau, kuma yana tsoron dogon zance. Bayan mako uku in sake kiransa in ga ko an samu canji. Malaman allo sun riga mu yin haka. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ya ji, in da gyara a gyara masa nan take.

Mu kuwa mun mayar da si'e ƙananan jarrabawa guda biyu, a tara maki a cike gurbi. Na san uzurinmu, ajina kaɗai ɗalibai sun haura 70. Amma muddin muna kiran abin jarrabawa, jarrabawa za mu riƙa yi.

Zango mai zuwa zan rubuta "awon karatu" da biro a gefen gurbin si'e a katunan ajina, in ji abin da iyaye za su ce. Malaman Katagum da Misau da Dukku, in kalmar awo tana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, don Allah ku faɗa min kafin a dawo daga hutu.