Neman shawara: jarrabawar Kashi na Ɗaya ta matso, ni kuma ina ƙauye

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyana. Ina neman ƙwarewa a likitancin iyali, yanzu an turo ni zaman ƙauye a wani asibiti a Jigawa. Ina son rubuta jarrabawar ƙwarewa ta Kashi na Ɗaya ta WACP (Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma) a zagaye mai zuwa, amma mu biyu ne kacal likitoci a asibitin. Damina ta kankama, ɗakin yara ya cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, aikin kwana ba ya ƙarewa. Abokaina a Kano kullum suna karatun rukuni. In ɗaga ne, ko in daure?

Wata babbar likita: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗaga. Abin da ke kayar da yawancin mutane a OSCE, wato gwajin aiki a aikace a gaban masu jarrabawa, ba rashin hadda ba ne, rashin iya ganawa da mara lafiya ne irin ta likitan iyali. Uwa ta kawo maka yaro ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja. Kada ka tsaya ga rubuta magani. Tambaye ta me take tsoro, me take zaton ya jawo, wa ke yanke hukunci a gidan, mijin ko uwar miji, yaushe aka yaye shi, ko akwai ƙani a ciki. Zana taswirar dangin a bayan kati. Abin da masu jarrabawa ke son gani kenan, kuma a gabanka yake kullum.

Wani da ya ci jarrabawar bara: Gaskiya ne Anti, amma sai ya tsallake rubutacciyar jarrabawar tukuna. Dakta, sauke tsoffin tambayoyi a waya duk ranar da ka shiga gari, ka riƙa yin kaɗan bayan Asuba kafin layi ya taru. Ka fi ba da ƙarfi inda ƙauye ba ya nuna maka sosai: taɓin hankali, ido, kunne da maƙogwaro, ƙididdiga.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ina ganin ka fara duba littafin da ake rubuta ayyukan da ka yi a lokacin horo. In sa hannun manya bai cika ba, ko kwas ɗin bita bai samu ba, karatu ba zai shigar da kai ba. Kuma NPMCN, kwalejin ƙwarewar likitoci ta Najeriya, ita ma sau biyu take yin tata jarrabawar a shekara, ka duba wacce ta fi dacewa da kai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Anti, zan iya kiran ki ranar Asabar in gabatar miki da mara lafiya ɗaya ta waya?

Babbar likitar: Kira bayan La'asar. Ka tanadi agogo, zan riƙe maka lokaci.