Kura da shan bugu? Muhawara kan binciken 'ya'yan Sinawa marasa takardu a Amurka

Zainab: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Shekara biyu ke nan ina koyar da Turanci a wata firamare a unguwar Sunset Park da ke Brooklyn a birnin New York, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan Sinawa ne daga yankin Fuzhou na lardin Fujian. Na ƙudurta digirina na uku a kansu zan yi: yadda rashin takardun zama na iyaye yake biyo yaro har cikin aji. In Allah ya yarda, a kan wannan nake son in kafa aikina na jami'a gaba ɗaya. Jiya na gaya wa Malam Habibu a waya, ya ce sam bai yarda ba. Na roƙe shi ya faɗi dalilinsa a nan kowa ya ji.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Zainabu, abin da na faɗa miki shi zan maimaita. Duk wanda ya yi suna a jami'a da mutanen da rufin asirinsu ya dogara ga ɓuya, to kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ke za ki samu digiri, ki samu kujera, a riƙa gayyatarki taro. Matar da ta zauna ta faɗa miki ta inda ta shigo ƙasar, da bashin da ke wuyanta, da garin da mijinta yake suya a gidan abinci, me za ta samu? In an yi sa'a, ba ta samu komai ba. In ba a yi sa'a ba, ke kika nuna wa hukuma ƙofar gidanta. Ra'ayina shi ne irin wannan bincike cutarwarsa ga mutanen ta fi amfaninsa.

Barista Nura: Malam, a gafarce ni, ban yarda da jimlar ƙarshe ba. Yaran da Zainab take koyarwa, waɗanda su kansu ba su da takardu, suna cikin aji ne albarkacin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1982 a shari'ar Plyler da Doe. Jihar Texas ta yi doka a 1975 ta janye kuɗin karatun irin waɗannan yara, har hukumar makarantun garin Tyler ta sa musu dala 1,000 a shekara. Alƙalai biyar suka rushe dokar, huɗu suka ƙi. Cikin abin da ya kayar da Texas akwai cewa ta kasa kawo hujjar cewa korar yaran za ta gyara karatun sauran. Wato hujja aka nema, kuma hujja ba ta faɗowa daga sama, wani ne yake zuwa ya tattaro ta. A 2025 majalisar jihar Tennessee ta tattauna ƙudurin da zai ba makarantu damar ƙin karɓar yaran, da niyyar a sake kai maganar gaban kotu. Ranar da aka koma, da me za a kare su in kowa ya bi shawarar Malam?

Malam Habibu: Barista, ka kawo Texas, bari in kawo maka Alabama. A 2011 sun yi dokar da ta ce makarantu su tantance matsayin takardun yaro idan ya zo rajista. Ba a ce a kori kowa ba, ƙirga kawai aka ce a yi. Nan take yara da yawa suka daina zuwa makaranta, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar da wannan sashe. Ga wanda yake ɓuya, tambayar kanta barazana ce, ko daga bakin wa ta fito.

Kuma Sinawan Amurka suna da nasu tabon. Tun dokar 1882 da ta hana leburorinsu shiga, da yawa suka riƙa shigowa da takardun da ke cewa su 'ya'yan wani ne mai zama ɗan ƙasa, musamman bayan girgizar ƙasa da gobarar San Francisco ta 1906 sun cinye rajistar haihuwa. Daga 1956 zuwa 1965 gwamnati ta ce kowa ya zo ya amsa laifinsa, za a duba a gyara masa zama. Amma wanda ya amsa sai ya lissafa danginsa, mutum ɗaya ya jawo wa gida guda. Waɗannan mutane sun san abin da faɗin gaskiya ga mai riƙe da biro yake jawowa.

Dakta Rabi: Malam, tarihin nan gaskiya ne, amma ka yi magana kamar ba a taɓa yin aikin ba. Ko-lin Chin na jami'ar Rutgers ya yi hira da Sinawa 300 da aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa New York, ya wallafa a 1999. Marigayi Peter Kwong na kwalejin Hunter ya shafe shekaru yana bayyana yadda masu gidajen abinci da masana'antun ɗinki, Sinawa 'yan'uwansu, suke tatsar waɗanda bashi ya ɗaure. Kafin irin wannan aiki, abin da jama'a suka sani shi ne hoton jirgin ruwan Golden Venture da ya maƙale a gaɓar Rockaway ta New York a watan Yunin 1993 da Sinawa 286, goma suka mutu. Hoton ya nuna mutane cikin barguna a bakin teku. Bai nuna cewa kowannensu ya ɗauki bashin da ya kai dala 30,000 ga masu safarar da suke kira “kan maciji” ba, balle ya nuna abin da bashin yake yi wa jaririn da za su haifa nan gaba.

Wanda ya fi kusa da abin da Zainab take so shi ne Hirokazu Yoshikawa. Ya bi jarirai kusan 400 da aka haifa a asibitocin gwamnati na New York, 'ya'yan 'yan Meziko, 'yan Dominika, Sinawa da baƙaƙen fatar Amurka, ya fitar da littafinsa a 2011. A takardar tambayoyinsa bai ce wa kowa “kana da takardu?” ba. Ya tambayi ko akwai asusun banki a gidan, ko akwai lasisin tuƙi, abubuwan da a lokacin sai mai shaida yake samu. Ya gano cewa yaran, duk da 'yan ƙasa ne, iyayensu suna gudun tallafin da yake haƙƙinsu, kamar na gidan renon yara, kuma giɓin yana bayyana a fahimtar yaro tun yana shekara biyu zuwa uku. Jariran Sinawa kuwa, da yawansu an tura su Sin wurin kakanni tun suna 'yan watanni, har bin diddiginsu ya gagara.

Zainab: Anti Rabi, waɗannan jariran su ne suke dawowa ajina. Bari in ba ku labarin guda, na canza abin da zai sa a gane shi. An haife shi a nan, fasfonsa na Amurka ne. Yana wata huɗu aka ba wata mata shi ta kai shi ƙauye kusa da Changle a yankin Fuzhou, domin uwar ta koma aikin awa goma sha biyu a rana. Yana shekara biyar aka ɗauko shi daga hannun kakar da ita kaɗai ya sani a matsayin uwa, saboda Sin ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, kuma yaro marar rajistar gida karatunsa a can da wuya. Ya iso Brooklyn, aka nuna masa wata mata aka ce ga mamanka. Uban yana wata jiha mai nisa, wani ofishin samar da aiki na Chinatown ya tura shi can a bas, sai wata-wata yake leƙowa.

Makonni yaron bai ce uffan ba. Aka kawo tafinta mai Mandarin, babban harshen Sin, shi kuwa harshen Fuzhou yake ji, wanda mai Mandarin ba ya ganewa. Saura kaɗan a rubuta masa cewa yana da matsalar ƙwaƙwalwa. Da na nemi uwar ta cike takardar neman taimako, sai ta ga gurbin adireshi da na wurin aiki, ta ninke takardar ta ce yaron lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi yi mini ciwo, wata abokiyar aikina ta ce kada in damu, ai 'ya'yan Sinawa duk haziƙai ne, zai kamo. Wannan zato na cewa su ba su da matsala shi yake rufe su. Idan aka ce “marasa takardu” kowa Meziko yake hangowa. Ko shirin DACA na 2012, mai kare waɗanda aka shigo da su suna yara daga kora, matasan Asiya da suka cancanta kaɗan ne suka nema in an kwatanta da na Latin Amurka. Malam, shirun nan ma yana da waɗanda yake ci.

Alhaji Isuhu: 'Yata Zainabu, ni ba ɗan boko ba ne, tasi nake ja a Bronx shekara da shekaru, amma labarin nan ya taɓa ni. Mu ma mun yi. Babban ɗana yana shekara ɗaya na kai shi Maraɗi wurin mahaifiyata, lokacin zamana bai gyaru ba. Da ya dawo, in na miƙa masa hannu sai ya ɓuya bayan kujera. Malamarsa ba ta san komai a kan wannan ba, ta ɗauka taurin kai ne. Da akwai wanda ya rubuta ya wayar mata da kai, da an rage masa wahala. Amma gaskiya ɗaya ce: a wancan lokacin da wani ya zo mini da littafi da biro, ko da ɗan garinmu ne, da ban buɗe ƙofa ba. Tambayata ita ce, kina jin yarensu? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Zainab: Baba Alhaji, Mandarin ina koyo, ina iya gaisuwa da ƙaramar hira. Na Fuzhou ban iya ba. Niyyata in yi aiki da wata 'yar unguwar, a biya ta albashi na sosai, kuma sunanta ya fito tare da nawa in ta amince.

Malam Habibu: To ga rami biyu nan kin haƙa da bakinki. Na farko, 'yar unguwa ta san dangin kowa, wataƙila ta san wanda yake bin su bashin. Abin da uwa za ta iya faɗa wa baƙuwa ba za ta faɗa a gabanta ba, in kuma ta faɗa, ya shiga gari. Na biyu ya fi muni: ke malamar ɗanta ce. In kika ce “zan iya yi miki tambayoyi?” tana da bakin cewa a'a? Amincewar da aka bayar don tsoron kada a juya wa yaro baya ba amincewa ba ce.

Sai maganar alƙawarin sirri. Kwalejin Boston ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa, aka yi musu alƙawarin ba mai ji sai bayan ransu. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nema ta hannun ma'aikatar shari'ar Amurka, aka yi ta shari'a, ƙarshe aka miƙa wasu kasa-kasan. Masu binciken ba maciya amana ba ne, ƙarfin kotu ne ya fi nasu. Kuma ku tuna a Janairun 2025 an soke ƙa'idar da take hana jami'an shige da fice kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Dakta Rabi: Maganar malama da uwa, Malam ya fi ni gaskiya, ban hango ta ba. Zainab, ki cire makarantarki daga binciken kwata-kwata. Amma ta Boston darasi ce kan yadda ake aikin. Su sun ajiye murya da suna. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a yana iya yarje miki karɓar amincewa da baki ba tare da sa hannu ba, idan takardar sa hannun ita ce kaɗai abin da zai haɗa mutum da binciken. Akwai kuma takardar kariyar sirri da hukumar binciken lafiya ta Amurka take bayarwa, wadda take hana a tilasta wa mai bincike miƙa bayanan da za su tona mutum. Kada ki naɗi murya, kada ki rubuta adireshi, kada ki ajiye lambar waya tare da bayanai. Abin da ba ki riƙe ba, ba mai ƙwace shi.

Barista Nura: Ina ƙarawa da cewa mutanen sun ƙaru sosai a shekarun baya. A 2023 kaɗai Sinawa sama da 37,000 aka tare a iyakar Amurka da Meziko, yawancinsu sun sauka Ekwado, sun ratsa dajin Darien na tsakanin Kolombiya da Panama da ƙafa, wasu da yara a kafaɗa. Waɗannan ba duka 'yan Fujian ba ne, da yawansu ba su da dangin da za su tarbe su. Yaransu suna cikin azuzuwa yanzu haka. Kuma tun shari'ar Lau da Nichols ta 1974, wadda aka yi a kan ɗalibai Sinawa kusan 1,800 a San Francisco, doka ta wajabta wa makaranta ta taimaki yaron da ba ya jin Turanci. Makarantar da ba ta san wane harshe yaron yake ji ba, ta yaya za ta sauke wannan nauyi?

Zainab: Na karɓi gyaran, kuma na gode. Ba zan taɓa iyayen ɗalibaina ba, zan nemi wata unguwa, wataƙila Flushing. Ba naɗin murya. Tafinta kuma uwar ce za ta zaɓa, ko ta ce ba ta so. Sannan zan rubuta gajeren bayani cikin harshe mai sauƙi domin malaman firamare kafin in rubuta komai domin mujallar jami'a. Amma barin aikin, Malam, ba zan iya ba. Na ga yaron nan yana kallon ƙofa kullum ƙarfe uku, bai san wace fuska zai jira ba.

Malam Habibu: Har yanzu ina kan bakana cewa ribar taki tabbas ce, tasu kuwa wataƙila. Amma tunda kin dage, abu ɗaya nake so kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ki zauna ki rubuta, da hannunki, abin da za ki yi ranar da sammacin kotu ya iso ofishinki, lauyan jami'a kuma ya ce ki miƙa littafinki ko ki rasa aikinki. Ki turo wa Barista ya duba ta fuskar doka, ki turo mini ni ma.

Zainab: To Malam. Zuwa Juma'a in sha Allahu.