Musayar Waƙa: Ginshiƙan Filadalfiya

Ƴar Birni:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Filadalfiya ta Amurka na je, yau nake dawowa.
Gidan adana zane na nufa da hantsi,
Ginin ya tsare ni tun kafin shigewa.
Matakala 72 na taka,
Ina haki, kaina ina ɗagawa.
Ginshiƙai 8 a bakin ƙofa,
Kan kowanne ganyen dutse na murɗewa.

Baba Magini:
Sannu da hanya, ƴata, barka da zuwa,
Ni magini ne, dole in yi tambayawa.
Dutse ne, ko siminti suka shafe?
Launinsa fa? Faɗi, ina saurarawa.

Ƴar Birni:
Dutse ne, Baba, na jihar Minesota,
Launin zuma in rana na faɗuwa.
Na dafa shi da tafi, na ji sanyi,
Na bi gaɓa da yatsa ina lalubawa.
Wallahi ko allura ba ta samun hanya
Inda dutse da dutse ke haɗuwa.
Goshin reshen arewa na da siffofi 13,
Na gasasshen yumɓu, suna ƙyallawa,
Ja da shuɗi da ruwan zinariya,
Tun 1933 ba su san dushewa.

Yaya Mai Karatu:
Ƙanwata, salon na Girkawan dauri ne,
Haikalinsu aka duba wajen zanawa.
Ki lura, ginshiƙi ba sanda ba ne,
Sama yake tsukewa, ciki na kumburawa,
Don in ya miƙe sak, ido daga nesa
Sai ya ga kamar tsakiyar na ramewa.
A 1928 aka buɗe ƙofar,
Amma ga wanda nake son ambatawa:
Julian Abele, baƙar fata ne,
Yana cikin gwanayen tsarawa.
Ya gama Jami'ar Fensilbaniya a 1902,
Baƙar fata na farko a fannin zanen gini can, ba tantamawa.
Shekaru sunan kamfani ake kira,
Nasa sunan ba a cika faɗawa.

Ƴar Birni:
Yaya, ka sa tsigar jikina tashi,
Na shafa aikinsa ban san shi ba kuwa.
Dubbai na hawa matakalar da gudu,
Hoto suke ɗauka suna wucewa.

Baba Magini:
Abele, na riƙe sunan, ƴata,
Gobe yarana za su ji shi wajen kwaɓawa.
In kin koma, ki durƙusa gindin ginshiƙi,
Ki ɗauko mini hoton inda yake zaunawa.