Wane fannin injiniya ya dace da mai son zama hafsan soja?

Ɗan yayata ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, a Garwa, burinsa ya shiga EMIA, makarantar hafsoshin sojan Kamaru da ke Yawunde, amma yana so ya fara karatun injiniya. Muka zauna bayan la'asar da wani tsohon soja da malamai biyu, ga abin da na tsinta.

Mafi yawansu sun karkata ga injiniyan gine-gine. Tsohon sojan ya ce, “Ɗana, soja ba harbi kaɗai yake yi ba,” ya kawo misalin hanyar Mora zuwa Kusiri da aka taɓa damƙa wa sashen injiniyoyin soja, da ambaliyar da ta ci Yagwa a 2024. Hanya da gada ba sa ƙarewa a arewa, kuma ranar da ka ajiye kaki aikin yana hannunka. Ni ma nan na tsaya.

Malami ɗaya ya fi son kwamfuta da sadarwa, su ma ana koyar da su a Foliteknik ta Marwa.

Sun haɗu a kan cewa ya zaɓi fannin da zai iya cinyewa ba maimaita aji, domin jarrabawar shiga EMIA tana da iyakar shekaru. Kuma ya fara gudun asuba tun yanzu, saboda gwajin ƙarfin jiki.